Yadda Za Ka Ƙirƙiro Wasan Dabara Naka, Ka Gwada Shi Har Ya Tsaya da Ƙafarsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan 'yan dara ya san wasan dabara ba ya buƙatar kayan ƙawa. Gurabu 30 ne a tone a ƙasa, layi biyar kowanne da gurbi shida. Wannan ya riƙe tsakuwa 12, wancan ya riƙe karare 12. Dokar kuwa 'yar kaɗan ce: ku zuba 'ya'yanku ɗaya bayan ɗaya, in kun gama ku riƙa matsawa gurbi guda, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa. A kan wannan 'yar doka ce manyan mutane suke wuni dafe da haɓa. Abin da ke zaunar da su shi ne shawarar da wasan ke tilasta musu yankewa, kuma ita ce za ka nema tun daga ranar farko in kana son ƙirƙiro naka.

Zan bi aikin daki-daki da misali guda, wani wasa da za mu gina tare a nan mu sa masa suna Madugu. Kai kana iya ɗora naka a kan noma, ko kiwo, ko zaɓen ƙaramar hukuma, ko yaƙin birane. Hanyar ɗaya ce.

Fara da jimla ɗaya

Kafin ka taɓa almakashi, ɗauki biro ka rubuta wasan a jimla ɗaya: wane ne ɗan wasa, me yake nema, me ke tare masa hanya. Ga ta Madugu: kai ne shugaban ayari, za ka kai kanwa da tufafi Salaga ka dawo Kano da goro kafin ruwa ya sauka, kuma duk wanda ya riga ka shiga kasuwa zai karya maka farashi. In ka ga jimlarka ta ƙi rufuwa, to wasanni biyu ko uku ne suka cakuɗe maka. Zaɓi ɗaya, sauran ka rubuta su a bayan littafi su jira lokacinsu.

Labarin da ka ɗora wasan a kai shi zai ba ka dokoki kyauta, don haka ka zaɓi wanda ka sani. Fataken Hausa na ƙarni na 19 suna tashi daga Kano da jakuna, su haye Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, su ratsa Borgu ta Nikki, su bi ta Yendi, su sauka Salaga a ƙasar Gonja, cikin Gana ta yau. Tafiyar watanni ce. Ana biyan sarakunan hanya kuɗin wucewa, ana biyan 'yan fito a bakin kogi, ana fargabar 'yan fashi. Goro kuma kaya ne mai lalacewa, in ba a buɗe huhu an tsince ruɓaɓɓe an sake ganye ba, asara ce. Kowanne daga cikin waɗannan doka ce da ta zo a shirye, kuma wanda ka gaya wa cewa goro na lalacewa in ya daɗe a hanya ba zai manta ba, don ya riga ya sani tun kafin ya zauna.

A ƙarƙashin jimlar ka rubuta mutum nawa za su buga, da tsawon lokaci. Madugu na mutum biyu zuwa huɗu ne, minti 40. Wasan da za a fara bayan la'asar a gama, har a sake wani kafin a kira magariba, shi ke samun 'yan wasa. Na awa uku sai dai ya zauna a kan durowa.

Shawarar da ke cikin kowane hannu

A lido, yawancin lokaci dayis ne ke wasa, kai ɗan aikensa ne: ya ce huɗu, ka matsa huɗu. A dara ko daraf kuwa, duk lokacin da wasa ya zo kanka akwai hanyoyi biyu ko uku da kowacce ke da abin so da abin tsoro. Wannan shi ne ma'aunin da za ka riƙa ɗora wasanka a kai. A kowane hannu, wato duk lokacin da wasa ya zo kan mutum, akwai aƙalla abu biyu da ɗan wasa yake son yi amma ɗaya kaɗai aka yarje masa? In babu, to bai zama wasan dabara ba tukuna.

A Madugu, in wasa ya zo kanka abu ɗaya za ka yi cikin uku. Ko ka matsa ayarinka zango ɗaya, ko ka yi ciniki a garin da kake, ko ka tsaya gyaran goro. Kana da jakuna uku, kowanne na ɗaukar kaya biyu, shida ke nan. A Salaga ba a sayar wa mutum fiye da huhu biyu a hannu ɗaya. A Kano huhun farko yana tashi a wuri 8 (wuri shi ne kuɗin wasan), kuma duk huhu biyu da aka sayar farashi ya sauka da wuri ɗaya, ko wane ne ya sayar. Goron da ya yi zango uku ba a gyara shi ba, a zubar da huhu guda. Bayan zagaye 24 ruwa ya sauka, a ƙirga kuɗi.

Dubi abin da waɗannan 'yan dokoki suka haifar. Kana Salaga da huhu huɗu, abokin karawarka ya riga ya ɗaure kaya ya kama hanya da biyu. Ka tsaya ka cika shida ya riga ka cin farashi mai kyau, ko ka bi shi da jaki ɗaya ba kaya? Wannan 'yar tsayawar da mutum zai yi yana sosa ƙeya ita ce wasan. Lura kuma cewa abin da wani ya yi yana taɓa ka. In kowa na buga nasa ne a gefensa har a tashi ba tare da ya ɗaga kai ya dubi ɗan'uwansa ba, mutane huɗu ne ke lissafi a wuri ɗaya, ba karawa ake ba.

Adadin zagayen ma ba daga sama ya faɗo ba. Mutum huɗu sau 24 hannu 96 ne. In kowane hannu ya ci daƙiƙa 25, minti 40 ke nan daidai. Yi irin wannan lissafin tun yanzu, zai hana ka gina wasan da ba ya ƙarewa.

Maganar sa'a

Nan ne sababbin masu ƙirƙira suka fi zamewa, shi ya sa zan daɗe a kai. Sa'a tana da amfani: tana sa wasan yau ya bambanta da na jiya, tana kuma ba wanda bai ƙware ba damar ya kayar da gwani wani lokaci, don kada ya yi zuciya ya daina. Amma sai ka san ƙarfin abin da ka saka.

Dayis ɗaya ba shi da ɗan gata, kowace lamba ɗaya ce cikin shida. Wannan na nufin mai jiran shida a lido, damar ya jefa sau uku bai samu ba ta kai kashi 58 cikin 100, kuma mutum ɗaya cikin uku zai jefa har sau shida yana nan a gida. Shi ya sa kake ganin wani ya haɗe rai tun ba a je ko'ina ba. Dayis biyu wani abu ne daban. Hanyoyi 36 suke iya faɗuwa. Bakwai tana fitowa ta hanya shida, shida da takwas kowacce ta hanya biyar, biyu da sha biyu kuwa ta hanya ɗaya tak. A kan wannan lissafi Klaus Teuber, wani Bajamushe da sana'arsa ta asali haɗa haƙoran roba ce, ya gina wasansa Catan da ya fito a 1995: kowane fili mai amfani a allon na da lamba, sai dayis ya fito da ita yake ba da amfani, don haka filin da ke ɗauke da 6 ko 8 kowa na rububinsa, na 2 da 12 kuwa sai wanda ya rasa. Ɗan wasa bai san abin da zai fito ba, amma ya san abin da ya fi yiwuwa, kuma a nan dabara take shiga.

Kati ya bambanta da dayis ta wajen cewa shi yana da ƙarewa. A ce katunan hanya 20 ne a Madugu, huɗu daga ciki 'yan fashi. Da farko haɗarin ɗaya ne cikin biyar. In an buɗe goma kuma 'yan fashi uku sun riga sun fito, saura ɗaya cikin goma, mai lura sai ya saki jiki ya bi ta daji. Ka ba shi lada ke nan a kan sa ido.

Abu mafi muhimmanci shi ne lokacin da sa'ar take zuwa. In mutum ya tsara dabararsa tsaf, sannan aka ja kati aka ce 'yan fashi sun kwashe rabin kayansa, zai ji an cuce shi, kuma yana da gaskiya. Amma in a farkon zagaye aka buɗe kati kowa ya gani cewa akwai 'yan fashi tsakanin Nikki da Yendi, sai ya zaɓa da kansa: ya jira, ya kewaya, ko ya biya masu rakiya. Haɗarin bai canza ba, amma yanzu shawara ce. A ganina wasan dabara ya fi kyau in sa'a ta riga shawara zuwa.

Akwai kuma abin da mai ƙirƙirar wasa a cikinmu ba zai kau da kai daga gare shi ba. Hadisi ya zo a Sahihu Muslim da hani mai tsanani a kan wasan nardi, wanda da dayis ake yin sa, kuma malamai da yawa sun ɗauki hanin a kan duk wasan da ke da dayis. Ba fatawa na zo bayarwa ba, amma a aikace akwai gidajen da wasanka ba zai shiga ba muddin da dayis a ciki. Madugu ba shi da shi, kuma bai rasa kome ba. Kada kuma ka bar wata kafa da za a sa kuɗin gaske, don da zarar ya zama caca ya tashi daga abin da ka gina.

Samfurin farko: yi shi da muni

Mai koyon ɗinki ba a ba shi shadda ranar farko, a kan takardar buhun siminti yake koyon miƙe layi. Haka za ka yi. Nemo kwalin taliya ka farke shi ka shimfiɗa, ka zana zanguna da fensir, da'ira da layi kawai. Marafan lemo su ne jakuna, kowane ɗan wasa da kalarsa. Wake shi ne kuɗi, ƙwallon dabino goro, tsakuwa kanwa. Katuna kuwa, ka yanka takardar A4 gida tara, ko ka samo tsohon Whot ka manna 'yar takarda da salatif a fuskar kowanne, ya fi daɗin shafawa. Kada aikin nan ya wuce maraice ɗaya.

Dalilin munin ba rowa ba ne. Wanda ya kwana uku yana fenti, ya kai shagon kwamfuta aka buga masa da kala aka yi laminatin, ba zai iya yage abin ba ranar da ya gano rabin allon ba shi da amfani. Zai riƙa kare shi. Masu gwaji ma in suka ga abu ya yi kyau sai su ɗauka an gama, su ji nauyin kushewa. In kuwa suka ga kwali da fensir, har hannu za su sa su ce a matsar da wannan zangon nan.

Abubuwa biyu kawai za ka kula da su. Na ɗaya, a iya karantawa daga nesa, da lambobi manya da alamomi maimakon dogon rubutu, don ba kowa ke saurin karanta boko ba, kuma wani lokaci da hasken tocila za a buga. Kada ka dogara da kala kaɗai wajen bambanta 'ya'ya, akwai mazan da ba sa rarrabe ja da kore. Na biyu, in a waje za a buga a kan tabarma, iska za ta kwashe duk abin da ba shi da nauyi, musamman da hunturu.

Buga shi kai kaɗai tukuna

Kada ka ɓata wa abokanka maraice a kan abin da kai za ka iya ganowa cikin minti goma. Zauna ka jera kujeru uku a zuci, ka ba kowanne hali: wannan mai gaggawa ne, wancan mai haɗama da sai ya cika jakuna, na uku mai tsoro da kullum doguwar hanya yake bi. Buga musu da gaskiya. Tun kafin zagaye na biyar za ka ci karo da tambayoyin da ba ka tanadi amsarsu ba. Ayari biyu na iya sauka a zango ɗaya? In goro ya ƙare a kasuwar Salaga fa? Rubuta amsa nan take ka ci gaba.

A nan ne kuma za ka auna lambobinka. A allon Madugu akwai hanya biyu: gajera mai zango shida da ake biyan wuri 4 na wucewa, da doguwa mai zango tara da ba a biyan kome. Da ganin ido kamar an ba mutum zaɓi. To mu lissafa. In ɗan wasa yana tashi da ribar wuri 48 a hannu 24, kowane hannu darajarsa wuri 2 ne. Doguwar hanya ta ci ƙarin hannu uku, wuri 6 ke nan, gajera kuwa wuri 4. Ashe babu zaɓi, duk mai hankali gajera zai bi, kuma zanguna tara da ka zana sun zama ado. Kana iya ɗaga kuɗin zuwa 6, amma sai hanyoyin su zama daidai, a rasa dalilin fifita ɗaya. Gyaran da ya fi shi ne a biya wuri ɗaya a kan kowane kaya. Mai huhu biyu zai biya 2 ya wuce da sauri. Mai huhu shida zai biya 6, sai ya tsaya ya duba inda abokan karawarsa suke kafin ya yanke. Doka ɗaya ta ɗaure shawarar Salaga da shawarar hanya.

Kai shi gaban mutane

Teuber da matarsa da 'ya'yansa yake gwada wasanninsa a gida, kuma kai ma daga nan za ka fara. Amma ka san halin mutanenmu: akwai kara. In ka tambayi ƙaninka ko wasan ya yi daɗi, zai ce "Wallahi Yaya ya yi, Allah ya ƙara basira," ko da barci yake ji tun tsakiya. Wannan amsa ba ta da amfani a gare ka. Idonka zai gaya maka abin da bakinsu ba zai faɗa ba.

Bayyana doka cikin minti biyar, sannan ka koma gefe da littafi. In da hali kada ka shiga wasan. Kada ka ba kowa shawara, ko da ka ga yana shirin faɗawa rami, don ramin da ya faɗa shi kake son gani. Abin da za ka rubuta: kwanan wata, lambar samfuri, wa ya fara, wa ya ci, makin kowa, minti nawa aka yi, da duk tambayar da aka yi maka kalma da kalma. Tambayar da mutum biyu daban suka yi, laifin dokarka ne, ba nasu ba. Sannan ka sa ido a kan jiki. A wane zagaye wani ya zaro waya? Yaushe suka sunkuyo kan allo gaba ɗaya? Yaushe aka yi ihu, yaushe hira ta koma kan ƙwallo? Wa ya daɗe yana tunani har sauran suka fara tsaki?

In an tashi, ka yi tambayoyin da kara ba za ta iya rufewa ba. A wane lokaci ka san ba za ka ci ba? Me ka so ka yi doka ta hana ka? In za a sake yanzu, me za ka yi daban? Wannan ta ƙarshe ita ce zakaran gwajin dafi. Wanda ya ce "Ai da na sani da ban tsaya cika jakin nan na uku ba" ya riga ya fara buga wasa na gaba a kansa. Wanda ya ce "Ba kome, haka zan sake yi" yana gaya maka ne cewa bai ga wata dabara ba. In kuwa suka fara jera 'ya'ya da kansu suna cewa a sake, ba ka roƙe su ba, to ka kama hanya.

Za su ba ka shawarwari da yawa: a ƙara raƙuma, a sa yaƙi, a sa aure. Rubuta duka, ka yi godiya, kada ka yi musu. Masu gwaji sun iya nuna inda ke ciwo, amma maganin da suke kawowa sau da yawa ba shi ba ne. Wanda ya ce a ƙara yaƙi, wataƙila abin da ke damunsa shi ne ba shi da yadda zai taɓa wanda ke gaba.

Bayan 'yan gida, nemi wanda zai karya maka wasan. Kowace unguwa tana da dattijon da ba a cin sa a dara ko daraf. Kai masa, ka ce, "Baba, so nake ka nemo mini inda wasan nan ya ɓule." Irinsu ba sa kallon labarin fatake, lambobi suke gani. Kada ka yi mamaki in bayan wasa biyu ya ce, "Yaro, me zai kai ni Salaga? In saye kanwa a Kano in sayar a Yawuri in dawo, in yi ta yi, na fi ku duka." In lissafinsa ya fita, ya yi maka babban alheri. Sai ka sa farashin kanwa ma ya riƙa sauka in an yawaita sayarwa a gari ɗaya.

Cututtukan da za ka tarar

Na farko, wanda ya fara shi ke ci. Wannan tsohuwar matsala ce. A wasan Go da ake bugawa a Japan, ana ba wanda ya zo na biyu maki 6.5 don a rage ratar. A Catan, wajen kafa gidajen farko ana bin layi a je a dawo, na ƙarshe ya sa biyu a jere. A Madugu sai ka ba na biyu ƙarin wuri ɗaya, na uku biyu, na huɗu uku. Sai dai kada ka yi saurin yanke hukunci. In mutum biyu suka buga sau goma mai farawa ya ci shida, ba hujja ba ce: kwabo ma in ka jefa sau goma, damar fuskar da ka zaɓa ta fito sau shida ko fiye ta kusa kashi 38 cikin 100. In ya ci takwas ko tara, to nan akwai magana. Ka kuma riƙa sauya mai farawa, don kada gwaninta ta ruɗe ka.

Na biyu, mai gaba ya yi ta ƙara nisa. Monopoly shi ne misalin da kowa ya sani: mai gidaje yana karɓar haya, ya sayi ƙarin gidaje, sauran su yi ta tsiyacewa har a fitar da su ɗaya-ɗaya. Ga asalin wasan hakan ba kuskure ba ne, don Elizabeth Magie da ta yi rajistar The Landlord's Game a Amurka a 1904 so take ta nuna illar tattare filaye a hannun mutum ɗaya. Amma kai in ba wa'azi kake ba, kada ka bar mutum ya san ya faɗi tun a minti na goma alhali saura talatin. Dasa abin da zai riƙa jan mai gaba baya a hankali. A Catan, in bakwai ta fito duk mai kati fiye da bakwai sai ya zubar da rabi. A Madugu, kuɗin wucewa da ke hawa da yawan kaya yana yin wannan aikin. Kada dai ka wuce gona da iri har zama a baya ya fi riba, dara ta ci gida.

Na uku ya fi wuyar magani: wanda ya riga ya faɗi shi ke zaɓen wanda zai ci, ta hanyar taimakon abokinsa ko ramuwa a kan wanda ya ɓata masa. Wannan na raba zumunci. Ɓoye kuɗin kowa a cikin gwangwani ko ƙarƙashin hula yana ragewa, tunda ba a san tabbas wa ke gaba ba.

Sai wasan da ke cijewa, kowa na kai da komo ba mai son motsawa. A Madugu, dokar saukar ruwa bayan zagaye 24 ta riga ta magance mana wannan.

Gyara ɗaya a lokaci ɗaya

In ka canza abu huɗu tare wasan ya gyaru, ba ka san wanne ya yi aiki ba. Canza ɗaya, sa sabuwar lamba a samfurin, ka ɗauki hoton tsohon kafin ka goge. In lamba kake gyarawa, kada ka yi ta ɗan-taɓa: ninka ta biyu ko ka raba ta biyu, ka ga abin da zai faru, sannan ka nemo tsakiya. Kuma duk lokacin da matsala ta taso, fara tambayar kanka wace doka za ka cire kafin ka tambayi wadda za ka ƙara. Dokar da masu gwaji suke ta mantawa kuma wasan bai lalace ba, fitar da ita.

Rubuta doka, ka fita daga ɗakin

Ba za ka bi kowane kwali zuwa gidan da aka kai shi ba, takarda ce za ta yi magana a madadinka. Jera ta haka: yadda ake cin wasa, kayan da ke ciki da adadinsu, yadda ake shimfiɗawa tare da zane, abin da mutum ke yi a hannunsa, yadda ake ƙarewa, sannan ƙananan hukunce-hukunce a ƙarshe. Abu ɗaya, suna ɗaya. In ka ce "zango" a shafin farko kada ka koma "gari" ko "masauki" a na biyu, za a ɗauka abubuwa uku ne. Bambanta "dole" da "yana iya" a fili, yawancin gardamar wasa daga nan take tashi.

Sannan ka miƙa kwalin da takardar ga mutanen da ba su taɓa gani ba, ka rufe bakinka. Wannan shi ne gwaji mafi zafi. Za ka ga sun fahimci wata doka a juye, harshenka na ƙaiƙayi, amma ka daure ka rubuta layin da ya ɓatar da su. In ba za ka iya daurewa ba, ka roƙe su su jingina waya ta ɗauki bidiyo kai ka tafi. Masu ƙirƙirar wasa Matt Leacock da Rob Daviau da bidiyon masu gwaji suka yi ta aiki lokacin da suke gina wasansu Pandemic Legacy. Maimaita da sababbin mutane duk bayan gyara, don wanda ya riga ya iya wasan ba ya karanta doka, tunawa yake yi.

Sai yanzu ado

In wasan ya yi zama da yawa a jere ba ka canza doka ba, baƙi kuma sun buga shi daidai daga takarda, lokacin mai zane ya yi. Girman kati da aka saba shi ne milimita 63 da 88, tara suna shiga A4 ɗaya, kuma tsayawa a kan wannan zai sauƙaƙa maka wajen masu buga takardu. Buga kwafi biyar ko goma tukuna, ka lissafa abin da kowanne ya ci, har da kwali da leda. Ka sani kuma dokar haƙƙin mallaka tana kare rubutunka da zanenka ne, ba tunanin da ke ƙarƙashin wasan ba, don haka ɓoye shi ba zai ƙara maka kome ba sai rashin masu gwaji. Littafinka mai kwanan wata da hotunan samfura ka adana su.

In kana son ka ga inda wasu suka kai, akwai NIBCARD Games a Abuja, kamfanin Kenechukwu Ogbuagu, da ke ƙerawa da buga wasannin allo a cikin Najeriya, kuma kamfanin ne ya ci kyautar Diana Jones ta fagen wasanni a 2021. Su ne kuma ke shirya taron wasannin allo na Afirka da ake kira AB Con tun 2016, inda masu ƙirƙira ke zuwa da wasanninsu a zauna a buga. In za ka je irin wannan taro, tafi da kwafi biyu, da takardar doka a Hausa da Turanci, da littafin gwajinka.